Binciken Cutar Rauta: Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Intanet Aiki a Cikin Gida

Gabatarwa

A gidaje da ƙananan ofisoshi da yawa a yau akwai wata 'yar na'ura mai ƙahoni biyu ko huɗu, wadda ake ajiyewa bisa tebur ko a rataye ta a bango, tana ta ƙyalƙyala 'yan fitilu dare da rana. Sunanta rauta, kuma aikinta shi ne karɓo intanet daga waje ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutocin gida ba tare da igiyar waya ba. Muddin tana aiki babu mai tunawa da ita. Ranar da ta ƙi kuwa, watakila ranar ce ta ƙarshe da ɗalibi zai cike takardar neman shiga jami'a, ko ranar da ɗan kasuwa yake jiran shaidar shigowar kuɗi. A irin wannan hali ne akan ga magidanci ya ɗauki na'urar da lafiyarta ƙalau ya jefar, ya sayo sabuwa, alhali kuwa cutar tana nan kwance a wani wuri dabam.

Manufar wannan darasi ita ce nuna wa mai karatu hanyar bincike daki-daki, irin wadda likita yake bi kafin ya rubuta magani. Likita nagari yakan fara da tambaya, ya duba alamomi, ya yi gwaji, sannan ya yanke hukunci. Wanda ya koyi wannan tsari zai iya warware mafi yawan matsalolin rauta da kansa, kuma idan abin ya fi ƙarfinsa zai san abin da zai faɗa wa mai gyara.

Yadda rauta take aiki

Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a kan mita 31 ko mita 25 a gajeren zango ya riga ya san rabin wannan ilimi. Rauta ƙaramar tashar rediyo ce, mai watsawa kuma mai karɓa. Igiyoyin da take amfani da su dangin waɗanda masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz, ya tabbatar da samuwarsu ne a ƙarshen shekarun 1880. Bambancin yana wajen tsawon zango. Rauta tana aiki a kan gigahaz 2.4, wato igiyar tana kaɗawa sau miliyan 2,400 a cikin sakan guda, tsawon zangonta kuwa santimita 12.5 ne kawai. Yawancin na zamani suna da zango na biyu, na gigahaz 5, mai tsawon kimanin santimita 6.

An fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha, mai lamba 802.11, a shekarar 1997, kuma saurinta bai wuce megabit 2 a sakan ba. A 1999 aka fito da wadda ta kai megabit 11, a shekarar ce kuma aka raɗa wa fasahar suna Wi-Fi. Ta 2003 ta kai megabit 54, daga nan aka ci gaba da ingantawa a 2009 da 2013 da bayansu. Amfanin sanin wannan shi ne tsohuwar waya ko tsohuwar kwamfuta tana iya kasa ganin zangon gigahaz 5 ɗungurungum, ba don wani abu ya lalace ba.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata a riƙe shi ne Wi-Fi daban, intanet daban. Saƙon da ya tashi daga waya yakan bi gaɓoɓi uku. Gaɓa ta farko ita ce tsakanin wayar da rauta, wadda ita ce Wi-Fi. Ta biyu ita ce tsakanin rauta da kamfanin da yake sayar da intanet, ko dai ta katin SIM da ke cikinta, ko ta waya mai zaren gilashi, ko ta faifan tauraron ɗan'adam. Ta uku ita ce daga kamfanin zuwa sauran duniya. Abin ya yi kama da jijiyar da ke kai saƙo daga yatsa zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa: ko'ina ta yanke sakamakon ɗaya ne, yatsa ba zai ji komai ba, amma maganin ya danganta da inda yankewar take. Saboda haka waya tana iya nuna alamar Wi-Fi cike taf, amma shafi ko ɗaya ya ƙi buɗuwa.

Ƙa'idar bincike

A ɗakin gwaje-gwaje akwai dokar da ba a karyawa: ana canza abu ɗaya ne tak a lokaci guda, a duba sakamako, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza abubuwa biyar a tare, ko da matsalar ta warware ba zai san wanne ne ya yi magani ba, idan kuwa ta ƙaru ba zai san inda zai koma ba. Yana da kyau a ajiye takarda da alƙalami a rubuta duk abin da aka sauya.

Kafin a taɓa komai, sai a amsa tambayoyi uku. Shin matsalar ta shafi na'ura ɗaya ce ko duk na gidan? Idan ɗaya ce, laifin yana wajenta; idan duka ne, sai a dubi rauta ko kamfani. Shin ko'ina a gidan take faruwa, ko a wasu ɗakuna kawai? Idan a wasu ɗakuna ne, batun nisa ne da bango. Shin a kowane lokaci ne, ko a wasu sa'o'i? Idan da yamma ce kullum, ana zargin cunkoso. Idan da tsakar rana ce, ana zargin zafi.

Mataki na farko: wuta da zafi

Mafi yawan rautocin gida suna shan wuta ta 'yar adafta mai bayar da bolt 12 ko 9, kuma an rubuta adadin a jikin na'urar da jikin adaftar. Adaftar da ta tsufa, ko wadda aka aro daga wata na'ura, tana iya kunna fitilu amma ta kasa ɗaukar nauyin aikin watsawa, sai rautar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Haka kuma wutar da take hawa da sauka, musamman lokacin sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta, takan rikitar da ita. Gwajin da ya dace shi ne a sa wata adafta mai bolt daidai da na asali, mai amfiya daidai ko fiye. Ƙaramin batirin ajiyar wuta da ake haɗawa da rauta yana kawar da wannan damuwa.

Zafi shi ma abokin gaba ne. Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi sukan ƙayyade cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan zarce haka. Rautar da aka ɗora a kan taga inda rana take duka, ko aka lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, takan rage sauri ko ta tsaya cak. A sa ta a inuwa inda iska take ratsawa, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga 'yan ramukan shan iskarta. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗu ana tsawa, cire ta daga soket ya fi hikima.

Idan wuta lafiya lau take, sai a kashe rautar, a jira kamar sakan 30, a sake kunnawa. Wannan ba camfi ba ne. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma idan ta daɗe tana aiki ma'ajiyarta ta wucin gadi takan cika da tarkace; kashewa yana share su, yana kuma tilasta mata sake neman haɗuwa da kamfani. Idan akwai modem daban, shi ake fara kunnawa, a bari fitilunsa su daidaita, sannan a kunna rauta.

Mataki na biyu: tsakanin waya da rauta

Idan sunan Wi-Fi na gida bai bayyana a waya ba sam, sai a duba ko fitilar Wi-Fi a jikin rauta tana kunne, domin wasu suna da maɓallin kashe watsawa wanda yaro zai iya dannawa cikin wasa. Idan sunan ya bayyana amma an ƙi karɓar kalmar sirri, a tuna cewa babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wajen na'ura, kuma sifili da harafin O sukan ruɗi ido. Idan an taɓa canza kalmar, waya takan ci gaba da miƙa tsohuwar. Maganin shi ne a umarce ta ta manta da wannan Wi-Fi, a sake shiga kamar baƙo.

Bayan an shiga, rauta takan ba kowace na'ura lambar adireshi, ta wani tsari da ake kira DHCP. Lambar takan fara da 192.168, alal misali 192.168.1.23. Idan aka duba kwamfuta aka ga lambarta ta fara da 169.254, wannan alama ce bayyananniya cewa ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta ƙirƙira wa kanta. A nan laifin yana tsakaninta da rauta, kuma babu amfanin kiran kamfani.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne na igiya. A haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye da wayar sadarwa. Idan intanet ya zo ta igiya amma ya ƙi ta iska, cutar tana ɓangaren watsawa. Idan ya ƙi ta duka biyun, sai a wuce mataki na gaba. A nan ma ya kamata a ambaci wani kuskure da masu sabuwar rauta suka cika yi. A bayanta akwai ramuka masu kama da juna. Ɗaya an rubuta WAN ko Internet a kansa, galibi da launi dabam, sauran kuma LAN. Igiyar da ta fito daga modem ramin WAN take shiga. Wanda ya cusa ta a LAN zai iya kwana yana saiti a banza.

Mataki na uku: tsakanin rauta da waje

A rauta mai katin SIM, abin da za a fara dubawa shi ne ko data ta ƙare ko wa'adinta ya cika, domin wannan shi ne sanadin da ya fi yawa, kuma shi aka fi mantawa da shi. A ciro katin a sa a waya a gwada. Idan a wayar ma bai yi aiki ba, to ko dai babu sabis a unguwar, ko an rufe layin, kamar yadda ya faru ga layukan da ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba a Nijeriya. Idan ya yi aiki a waya amma ya ƙi a rauta, sai a duba saitin da ake kira APN, wato sunan ƙofar da kamfani ya keɓe, wanda dole ya dace da na kamfanin da ya ba da katin. Wasu rautocin kuma an kulle su ne ga kamfani ɗaya, ba sa karɓar katin wani. A rauta mai zaren gilashi, jar fitila mai alamar LOS tana nufin hasken da ke bin zaren bai iso ba, ko dai ya karye ko ya lanƙwashe. Wannan aikin ma'aikatan kamfani ne, kuma ba a leƙa bakin zaren da ido.

Mai kwamfuta yana da wani ɗan umarni mai suna ping, wanda yake kamar sallama: ana aika shi, a saurari amsa. Da farko a aika wa rauta, a rubuta ping 192.168.1.1 ko duk lambar da take amsawa. Idan ta amsa, gaɓar farko lafiya. Sai a aika wa 8.8.8.8, wadda lamba ce ta kamfanin Google. Idan ta amsa, hanyar waje a buɗe take. Daga nan a gwada da sunan wani shafi. Idan lamba tana amsawa amma suna ba ya amsawa, matsalar tana ga DNS, wato tsarin da yake fassara sunayen shafuka zuwa lambobi kamar yadda littafin lambobin tarho yake yi. Ana iya gyara wannan ta sauya DNS na rauta zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Wani lokaci kuwa laifin yana can nesa inda hannun mai gida ba zai kai ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan igiyoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, intanet ya raunana ko ya yanke a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Gana da Kodebuwa da Laberiya. Duk wanda ya kwance rautarsa a ranar ya wahalar da kansa ne kawai. Tambayar maƙwabci mai amfani da kamfani ɗaya takan taƙaita wahala.

Raunin sigina: nisa, bango, ruwa da ƙarfe

Ƙarfin igiyar rediyo yana raguwa da sauri yayin da take nisa da tushenta. A fili fetal, idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka sau uku, ya koma ɗaya cikin tara. A cikin gida abin ya fi haka muni, saboda kowane bango yana cin rabonsa. Katako da labule ba sa hana ta sosai. Bangon bulo da kaurin ginin ƙasa suna rage ta ƙwarai, dakin da aka zuba da kankare da rodi ya fi su, ƙarfe kuwa, kamar kwanon rufi da ƙyauren ƙarfe da firji, mayar da ita baya yake yi kamar yadda madubi yake mayar da haske.

Ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi. Da wannan ɗabi'a ce ma tukunyar maikirowef take ɗumama abinci, tana aiki a kan gigahaz 2.45, daf da zangon rauta. To, jikin babban mutum kimanin kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, ganyen itace ɗanye ma cike yake da shi. Shi ya sa sigina takan raunana a ɗakin da ya cika da jama'a, kuma wadda take ratsa tsakar gida da rani takan ragu idan itatuwa suka yi ganye da damina. Tankin ruwa da randa su ma shamaki ne.

Daga wannan bayani ƙa'idojin ajiye rauta suka fito. A sa ta a tsakiyar gida gwargwadon iko, a sama kamar tsayin kafaɗa ko fiye, a fili ba cikin kabad ba, nesa da ƙarfe da ruwa. Ƙahoninta suna watsawa ne ta gefe, ba ta tsini ba, don haka a gida mara bene a tsaye ake barinsu. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri amma ya fi saurin gajiya a bango, na 2.4 ya fi nisa. A babban gida mai sassa da yawa, jan igiya zuwa rauta ta biyu ya fi inganci, kuma irin wannan igiya tana iya kaiwa mita 100.

Cunkoso

An raba zangon gigahaz 2.4 zuwa tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce, amma kowace rauta tana mamaye faɗin kimanin megahaz 20, saboda haka tashoshin suna hawa kan juna. Guda uku ne aka saba zaɓa don ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. A unguwar da gidaje suke manne, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai, rautoci da yawa sukan taru a tasha ɗaya, su zama kamar kwaɗin tafki da daddare, kowa yana kuka babu mai jin wani. Sauya tasha, ko komawa gigahaz 5 inda tashoshi suka fi yawa, yakan kawo sauƙi. Tukunyar maikirowef da na'urorin Bluetooth su ma suna cikin wannan zango.

Akwai kuma cunkoson cikin gida. Na'urorin da ke tasha ɗaya bi da bi suke magana da rauta, kuma abin da kamfani yake bayarwa rabawa ake yi tsakaninsu. Masu iya magana sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shafin saitin rauta yana nuna jerin duk na'urorin da suke haɗe, kuma a nan ne ake gane baƙon da ba a gayyata ba.

Saitin farko da tsaro

Ana shiga shafin saiti ne ta rubuta lambar rauta a manhajar buɗe shafuka. Galibi 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, a wasu masu katin SIM kuma 192.168.8.1, an rubuta ta a takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Kalmomin sirri biyu ne, kuma sau da yawa akan rikita su: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga shafin saiti. Dukansu wajibi ne a canza su tun ranar farko. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da dubban kyamarori da rautocin da masu su suka bar kalmar sirrin masana'anta, aka kai hari da su har manyan shafuka suka durƙushe a Amurka da Turai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wajen zaɓen makulli, tsarin WEP an gano rauninsa tun 2001, bai kamata a yi amfani da shi ba. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan na'urorin gida sun san shi. Tsarin ba ya karɓar kalmar da ta gaza haruffa 8, amma mai 12 ko fiye, wadda ba sunan ɗa ko lambar waya ba, ta fi. A kashe WPS, domin an bayyana rauninsa a 2011. A kuma riƙa sabunta manhajar cikin rauta daga masana'antarta kaɗai, kuma kada a fara wannan aiki sai an tabbata wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba, don yankewarta tana iya kashe na'urar.

Magani na ƙarshe

A bayan rauta akwai ɗan rami mai rubutun Reset. Danna shi da tsinke na kimanin sakan 10 yana mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Wannan tamkar tiyata ce, ba a fara jinya da ita. Yana share sunan Wi-Fi da kalmomin sirri, har da suna da lambar shiga da kamfanin intanet ya saka, waɗanda idan babu su haɗuwa ba za ta yiwu ba. Don haka a rubuta su a littafi tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

A taƙaice, tsarin binciken shi ne: a tantance ko na'ura ɗaya ce ko duka, a duba wuta da zafi, a kashe a kunna, a gwada haɗuwar waya da rauta, a gwada haɗuwar rauta da kamfani, sannan a dubi wurin ajiya da cunkoso. Sai duk waɗannan sun gaza ake danna Reset. Idan bayan haka, da adafta mai kyau da katin da aka tabbatar yana aiki, rautar ta ci gaba da mutuwa ko ta ƙi watsa sunanta, to a lokacin ne sayen sabuwa ya zama daidai. Wanda kuma zai kira kamfani, ya riƙe takardarsa a hannu, ya faɗi launin fitilu da gwaje-gwajen da ya yi da sakamakon kowanne. Da wannan bayani ma'aikaci zai san inda zai nufa tun kafin ya baro ofis.